Littattafan da Na Ɓoye wa Ruwa

Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da mahaifiyarki da ƙannenki. Allah ya tsare ki a hanyar da za ki bi, ya tsare ki a inda za ki sauka, ya haɗa ki da mutanen da za su riƙe ki amana. Ni ma ina nan Fatakwal ƙalau, sai gwiwa da ta fara yi mini gardama, da ruwan saman nan nasu da ba ya gajiya.

Na ji saƙon muryarki. Kin ce an tura ki koyarwa a wata firamare gabas da Kirikasamma, kin je kin gano wurin, kuma sati mai zuwa za ki tattara ki koma can. Kin ce hedimasta ya damƙa miki makullin ɗakin karatu, akwai sababbin littattafai cikin kwalaye da wasu masu taimako suka kawo, ya kuma ce kafin ruwa ya cika fadama ki ɗura su a buhu ki ɗora a sili, kada yaro ya taɓa ko ɗaya sai waɗanda suka kawo su sun dawo sun gani. Sai kika tambaye ni, tunda na taɓa riƙe irin wannan ɗakin, yaya ake ɗaure buhun don kada laima ta shiga.

Na iya ɗaure buhu, Uwata. Yanzu ma da shi nake ci. Amma ban so in amsa miki da baki ba, don na san halina, zan fara da nasiha in ƙare da faɗa, ke kuwa ba ki yi mini laifin komai ba. Shi ya sa na sayi takarda.

Idan ciniki ya lafa da rana, nakan jingina da buhunan tattasan da motoci suke kawowa daga wajenmu, in lumshe ido. Ƙamshin nan yakan ɗauke ni. Sai in ga fadama lokacin da ruwa ya kwanta, sama da ƙasa sun zama abu ɗaya, furannin bado sun buɗe farare, kawunan goruba suna tsaye cikin ruwa kamar mutanen da suka zo taro suka rasa wurin zama. In ga masunci a kan goransa yana tafiya a hankali, ba ka sanin ko shi ke tafiya ko gaɓar ce ke matsowa. Can tsakiyar ruwan, a kan ɗan tudu, sai ga makarantar da na koyar, rufin kwanonta yana walƙiya. Kullum a nan mafarkin yake tsayawa. Ba na ƙarasawa ciki.

Bari yau in ƙarasa da ke.

Kina goye a bayan mahaifiyarki aka kawo mana littattafai. A kwalekwale suka iso, don hanya ba ta bushe ba tukuna. Duk ƙauyen ya fito bakin ruwa. Yara suka ɗauko kwalayen a ka, suna tafe suna sunsuna su. Hedimastanmu na lokacin, Malam Garba, Allah ya jiƙansa, ya ba ni wani ɗan ɗaki a ƙarshen azuzuwa, da kabad mai ƙofa biyu, ya ce, "Malam Haruna, waɗannan ba namu ba ne, ajiya aka ba mu. Ranar da aka zo dubawa, yadda suka shigo haka nake so a gan su."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ko ƙuda ba zai sauka a kansu ba."

Na kuwa cika alkawari. Ranar Alhamis kaɗai nake buɗe ɗakin. Sai yaro ya nuna mini tafin hannunsa da bayansa kafin ya shiga. Yaran fadama kuwa kin san su, daga gonar shinkafa suke zuwa, ko daga cire kifi a koma, hannunsu ba ya rabuwa da laka. Da yawa a bakin ƙofa suke ƙarewa, suna leƙe. Waɗanda suka shiga kuma na hana su motsa leɓe. Na ga an rubuta a wani wuri cewa ɗakin karatu wurin shiru ne, sai na ɗauki tsumagiya na tsaya a kan wannan. Alhali yaran nan da asuba da ƙarfi suke karatun allo, suna rangaji, kunnensu ne ke kama abin kafin idonsu. Da na kulle musu baki sai karatun ya tsaya cak. Suna zaune suna kallon takarda kamar masu kallon ruwan rijiya.

To ki bar su su yi da ƙarfi. Idan ɗakin ya yi musu kaɗan ki fitar da tabarma gindin bishiya. Ki ajiye tulu da ɗan sabulu a bakin ƙofa, wanda ya zo da laka ya wanke ya shiga, kada ki mayar da shi. Idan wani malami ya ce kin mai da ɗakin karatu kasuwa, ki ba shi haƙuri, gobe ki sake.

A cikin masu leƙen nan akwai wata yarinya, Lantana, 'yar wani masunci ana ce masa Audu. Baƙa ce siririya, ga baki. Wata rana da sanyi ya shigo, ruwa ya fara janyewa, lokacin da baƙin tsuntsaye suke cika fadama har ka rasa inda ruwa yake, sai ga ta da mahaifinta a ƙofar ɗakin. Ta buɗe hannu. Wani ɗan zobe ne na farin ƙarfe, bai kai na yatsar jariri ba, an zana lambobi da haruffan boko a jikinsa.

Ta ce, "Malam, a ƙafar tsuntsuwa muka samu. Ta faɗa komar Baba."

Audu ya ce, "Wata 'yar ƙarama ce mai dogayen ƙafafu, irin masu kiwo a bakin laka. Mutane suna ta magana. Wasu sun ce asiri ne aka yi wa wani aka saki. Na ce a'a, ga mai boko nan a makaranta, shi zai raba mu."

Na karɓa na jujjuya. Haruffan na iya karanta su ɗaya bayan ɗaya, amma da na haɗa su ba su ba ni Hausa ba, ba su ba ni Turanci ba. Lantana ta kafe ni da ido.

Ta ce, "Malam, waye ya sa mata? Daga ina ta taso?"

A bayana, cikin kabad, akwai wani babban littafin taswirar duniya mai launi, wanda ko ni sai na wanke hannu nake buɗewa. Makullin yana aljihuna. Amma ga mutum ya ce a gaban 'yarsa ni ne zan raba gardamar gari, sai na ji ba zan iya cewa ban sani ba. Na haɗa fuska na ce, "Wannan lambar hukuma ce. Ku jefar da shi tun kafin a ce ku kuka kashe tsuntsuwar gwamnati."

Audu ya yi dariya ya ce, "Yanzu har tsuntsu ma ya samu aikin gwamnati, mu muna nan?" Amma ya tsorata, na gani. A hanyarsu ta komawa ya karɓi zoben ya wurga cikin ciyawar kacala. Ina tsaye ina hangen yarinyar, ta daɗe a wurin tana duban inda ya faɗa.

Sai da na zo nan kudu, bayan shekaru, wani ɗan kasuwa ya nuna mini a wayarsa yadda mutanen ƙasashen sanyi suke kama tsuntsaye su sa musu irin wannan zoben su sake su, don su san inda suke zuwa idan ƙanƙara ta rufe ƙasarsu. Ashe tsuntsuwar nan ta ƙetare teku, ta ƙetare hamada, ta zo ta sauka a bayan makarantarmu. Ashe can wani wuri akwai mutum zaune yana jiran wani ya ce masa ta iso. Nakan yi tunaninsa. Nakan ga kamar tsoho ne mai tabarau, a bakin taga, yana duban sama. Da na ce wa yarinyar nan, ban sani ba, zo mu duba, da mun shimfiɗa taswirar a ƙasa, mun bi da yatsa daga Haɗeja zuwa arewa har inda takarda ta ƙare. Ko ba mu gano garin ba, da ajin nan gaba ɗaya ya kwana da sanin cewa fadamarsu tana da hanya zuwa ƙarshen duniya.

Uwata, ki koyi cewa ban sani ba, amma kada ki tsaya a nan, ki ƙara da mu duba. Wannan shi ne bincike, ba wani abu ba ne mai tsawo. Yaro zai zo miki da tambayar da babu ita a manhaja: me ya sa kacala ta cinye mashigar ruwansu, ina tsuntsayen jan-baki suke kwana kafin su faɗa wa shinkafa, me ya sa tarwaɗa ba ta mutuwa a laka. Kada ki amsa da sauri ko da kin sani. Ki tura shi kantar littattafai ya nemo, ki tura shi wajen kakansa ya tambayo, ya dawo ya faɗa wa aji abin da littafi ya ce da abin da tsoho ya ce. Idan sun saɓa, ki bar yaran su yi ta gardama. Ke yanzu ma kina da waya a hannu, abin da ni ban samu ba. Amma kada ki riƙa latsawa kina ba su amsa kamar mai raba alewa. Su fara wahala tukuna.

Bayan maganar zoben Lantana ba ta daina zuwa ba, sai dai ta daina tambayata komai. Da damina ta kusa, ta tsaya a ƙofa ta ce, "Malam, idan ruwa ya zo ba makaranta, a ba ni aron ɗaya mana."

Na ce, "Ki kai shi gidan da ake banda kifi?"

Ta ce, "To ai mu ma a gidan muke kwana, ba mu lalace ba."

Don ta ƙyale ni na ɗauko wani ɗan littafin labarai na Hausa da ya zo mana a yage, ba bango, wanda tun farko ban sa shi cikin na kabad ba. Na miƙa mata ina kallon wani wuri.

Sauran kuwa na yi musu abin da hedimastanki yake so ki yi. Na samo buhunan taki na wanke, na shanya, na jera littattafan a ciki, na ɗinke baki da igiya, na taka benci na tura su cikin sili ɗaya bayan ɗaya. Malam Garba ya zo ya duba ya ce, "Ko ruwan Annabi Nuhu ne sai dai ya gaishe su daga ƙasa."

A shekarar ruwa ya yi yawa. Jingar da ke tare ruwa ta karye, ruwa ya shiga azuzuwa har gwiwa, muka kwashe iyali muka koma Haɗeja wajen kakanki. Lokaci lokaci nakan bi masu kwalekwale in je in zagaya makarantar. Ba na shiga. In dubi rufin daga nesa, in ga balbelu sun jeru a kansa, in ji sanyi a raina. Ina ganin kaina mutumin da ya yi dabara.

Abin da ban yi tunani ba, ba ni kaɗai nake gudun ruwa ba. Gara ma tana gudunsa. Da ƙasa ta jiƙe sai ta bi bango ta hau, ta samu duhu da ɗumi da abinci an ɗinke mata a buhu, babu mai buɗewa, babu mai girgizawa. Da ruwa ya janye muka koma, na hau benci na jawo buhun farko, na ji nauyinsa ya ƙaru. Na kwance. Littattafan suna nan a jere yadda na sa su, da kamanninsu, amma da na kama ɗaya sai ya ruguje a hannuna, jar ƙasa ce kawai. Taswirar duniya bangonta ya rage, da wani ɗan gefe mai shuɗin teku. Na zauna a kan bencin, ƙasar tana zuba daga sili a kan hulata, yara sun cika taga suna kallo.

Ranar da aka koma karatu Lantana ta kawo nata. Ya yi baƙi, ya kumbura, yana warin hayaƙi da kifi, don mahaifiyarta a ragaya ta rataye shi kusa da wurin banda, inda ruwa ba ya kaiwa. Kowane shafi da tambarin yatsa. Amma shafukan suna nan. Na buɗe tsakiya na fara karantawa, ban kai ƙarshen layi ba sai wani ɗan aji biyu ya ƙarasa mini daga bayan aji, wani ya karɓa, wata ta karɓa. Duk watannin ruwan nan, a kan tudun da unguwarsu ta koma, ta riƙa karanta musu shi har suka haddace, wasu ma a kansa suka fara gane haruffa. Shi kaɗai ya rage mana a makarantar.

Da masu dubawa suka zo ba su tambayi yara komai ba. Kabad suka buɗe. Aka ce sakaci ne, aka ce wataƙila ma sayarwa na yi na ɗora wa gara. Aka yi ta kirana ofis, aka mayar da ni wani wuri, aka sake mayar da ni wani, har na gaji na ajiye alli. Waɗanda suka zauna a kan maganata babu wanda ya taɓa taka lakar fadama, kuma har gobe idan na tuna fuskokinsu abinci yakan fita raina. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, ba su suka ɗinke buhun ba. Malam Garba kuma ya tsaya mini iyakar ƙarfinsa. Ba mugu ba ne, tsoro ne ya yi masa yawa, kuma abin da ya ji wa tsoro gaskiya ne, ga shi ya faru a kaina.

Saboda haka kada ki raina hedimastanki. Yana da iyali, ya ga abin da ba ki gani ba. Ki same shi shi kaɗai, ba a gaban malamai ba, ki durƙusa ki gaishe shi yadda za ki gaishe ni, ki ba shi labarin nan daga farko har ƙarshe. Sannan ki roƙe shi ya bar ki ki raba littattafan gida gida kafin ruwa ya rufe hanya. Kowanne ki sa shi a leda. Kada ki ba yaro a hanya, ki bi shi har cikin gida ki damƙa a hannun uwarsa, ki ce ajiya ce, matan fadama sun san inda suke rataye abin da ba sa so ya jiƙe. Ki faɗa wa mai unguwa, ki faɗa wa liman ya ambata bayan sallar Juma'a. Ki ce wa yaran idan sun gama su yi musaya da maƙwabta, littafin da ake buɗewa kullum gara ba ta samun zama a cikinsa. Ki ba kowane gida tambaya guda su nemo amsarta kafin ruwa ya janye. Idan hedimasta ya ƙi duka, ki nemi rabi. Idan ya ƙi rabi, ki nemi kwali ɗaya, sauran kuma ki roƙa a kai su Kirikasamma inda za a riƙa buɗe su ana shan iska, kada dai su kwana a sili.

Ba zan ɓoye miki ba, wasu ba za su dawo ba. Wani zai faɗa ruwa daga kwalekwale, wani akuya za ta ci, wani ƙanin yaro zai yage shi. Waɗanda suka dawo ma ba za su yi kyan gani a idon baƙi ba. Ke kuma sabuwa ce, ba a tabbatar da ke a aikin ba, kuma na san yadda mahaifiyarki ta ɗora rai a kan aikin nan naki. Ina nan nesa, ba ni da wanda zan kira a ofis ya saurare ni. Idan kin auna kin ga ba za ki iya ɗauka ba, ba zan ga laifinki ba, kuma ba za ki ragu a idona ba. Ke za ki zauna da mutanen nan, ba ni ba.

Amma idan kin yi, aka zo ana neman wanda za a ɗora wa, ki ce mahaifinki ne ya sa ki, tsohon malami ne, kuma kin ji kunyar saɓa masa. Ki nuna musu takardar nan, ga hannuna a ƙasa. Sunana ya riga ya ɓaci a wajensu tuntuni, wannan ba zai ƙara masa nauyi ba. Abin da ban yarda ba shi ne in koya miki ɗaurin buhun nan. Duk abin da kika tambaye ni a duniya zan koya miki, ban da shi.

Ki gaishe da mahaifiyarki, ki ce mata maganin gwiwar da ta aiko ya iso. Ki gaishe da ƙannenki. Ki tafi da gidan sauro, kada ki shiga kwalekwalen da ya cika ko da za ki makara, kada ki sha ruwan da ba ki ga inda aka ɗebo shi ba. Allah ya kai ki lafiya, ya tsare ki daga sharrin ruwa da sharrin mutum, ya sanya tausayinki a zuciyar shugabanki, ya buɗe ƙirjin yaran da za a ba ki. Allah ya yi miki albarka, ya sa mu gana da alheri.

Wassalam.

Mahaifinki,
Haruna